Ingilishi ya zama harshen aiki a Nijar, amma wa zai riƙe malaminsa a aji?

Tun ranar 26 ga Maris 2025 da Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan kundin sake gina ƙasa, matsayin harsuna ya canza a Nijar. Hausa ta zama harshen ƙasa. Faransanci ya sauka daga matsayin harshen hukuma, ya koma harshen aiki tare da Ingilishi. A cikin watan ne kuma Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, OIF. An tafka muhawara kan Hausa da Faransanci a fada, a kasuwa da gidajen rediyo, amma ba a cika tada zancen Ingilishi ba, alhali shi ne ya samu matsayi tun bai tara masu jinsa ba. Wanda ake jira ya samar da su kuwa shi ne malamin Ingilishi na kolej.

A makarantun gwamnati, sai yaro ya shiga aji na siziyem yake fara karatun Ingilishi. Daga nan zuwa jarrabawar BEPC shekara 4 ce. Da yawa daga cikin ɗalibai ba sa wucewa lise, don haka abin da suka samu a waɗannan shekaru shi ne guzurinsu. Idan kolej ba ta koyar da Ingilishi ba, babu wani wurin da talaka zai koye shi kyauta.

Yadda ake zama malamin

Tarihin wannan darasi ya daɗe yana jingine da taimakon waje. Ƴan sa-kai na Amurka na Peace Corps da suka fara isowa Nijar a 1962 Ingilishi suka zo koyarwa, kuma shirin ya ci gaba har zuwa Janairun 2011, lokacin da aka janye su saboda matsalar tsaro. A tsakanin nan ƴan ƙasa sun karɓi aikin, kuma tsofaffin ɗalibai da dama har yau suna tuna littafin English for the Sahel.

Malamin yau yakan fito ne daga sashen Ingilishi na jami'a, ko daga makarantar horar da malamai ta ENS da ke Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Ƙalilan ne ke shiga aikin gwamnati kai tsaye. Mafi yawa suna farawa da bautar ƙasa ko da kwantaragi, a tura su kolej ɗin karkara mai nisa da gida, su share shekaru suna jiran lambar zama cikakken ma'aikaci. Ɗan kwantaragi yana ɗaukar sa'o'i daidai da cikakken malami, yana gyaran takardu daidai da shi, amma abin da yake karɓa a ƙarshen wata bai kai nasa ba. Jinkirin biyan wannan kuɗi da maganar ɗauka aiki su ne suka sha jefa ƙungiyoyin malamai cikin yajin aiki a shekarun baya.

Me ke kawo shi, me ke korarsa

Dalilan shiga aikin ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ya tashi a Ƙonni, Dan Issa ko Magarya, kunnensa ya saba da Ingilishin kasuwar iyaka, ya ga wanda ya iya shi ba a cutarsa a ciniki. Akwai wanda iyayensa suka yi zama a Kano ko Kumasi, ya fara karatu can. Akwai wanda wani malami ya burge tun yana ƙarami, ya ce shi ma haka zai zama. Akwai kuma wanda ya gama jami'a bai samu wani aiki ba, koyarwa ce ƙofar da ya tarar a buɗe. Duk cikinsu, abin da ke riƙe wanda ya daɗe shi ne ganin sakamako da idonsa: yaron da ya shigo bai san ko kalma ɗaya ba, ya fita yana iya rubuta wasiƙa ko karanta takardar magani.

Sai dai malamin Ingilishi yana da wata matsala da malamin tarihi ba shi da ita: iliminsa yana da kasuwa a wajen makaranta. Ƙungiyoyin agaji suna neman masu fassara. Kamfanonin waje suna son wanda zai rubuta musu wasiƙa. Makarantu masu zaman kansu suna biya a kan sa'a. Tun 2013 akwai jami'ar Maryam Abacha a Maradi, wadda ke koyarwa da Ingilishi. Saboda haka duk wanda ya goge, shi ne farkon tafiya. Kolej ɗin ƙauye ta zama wurin koyon aiki, birni da ƙungiyoyi su ci moriyar wanda ta horar. A wasu wurare akan ɗora darasin kan malamin wani fanni don kada sa'ar ta tafi a banza.

Abin da ke cikin wannan batu

Ba maganar jarrabawa kaɗai ba ce. Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kusan kilomita 1,500. Ɗan kasuwar Maradi ko Damagaram yana ciniki da Hausa a Jibiya da Kano, amma takardun kwastan, na banki da na kotu a can da Ingilishi ake rubuta su. Ana gina layin dogo daga Kano zuwa Maradi, kuma idan ya fara aiki, guraben da za su buɗe za su fi zuwa ga mai harshe biyu ko uku. Sabbin abokan hulɗar ƙasar, irin su Turkiyya da Sin, ba masu Faransanci ba ne. Masu hali sun riga sun gane haka, suna kai ƴaƴansu makarantun kuɗi ko jami'o'in Najeriya da Ghana. Idan kolej ɗin gwamnati ta ci gaba da rasa malamai, sabon harshen aikin zai zama na ƴaƴan masu kuɗi, kamar yadda Faransanci ya daɗe yana raba jama'a gida biyu.

Kundin ya buɗe wata dama da ba a yi amfani da ita ba tukuna. Yaro ɗan siziyem yakan ji bayanin Ingilishi ne da Faransancin da shi ma bai zauna masa ba. Alhali a bakinsa akwai mota, direba, likita da burodi, kalmomin da Hausa ta aro daga Ingilishi tun tuni. Malamin da aka horar ya tashi daga harshen da yaro ya iya, Hausa ce ko Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek ko Kanuri, zai rage masa wahala biyu zuwa ɗaya.

Hausawa na cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kafin Ingilishi ya zama harshen aiki a ofisoshin Yamai, sai an biya ɗan kwantaragi a kan lokaci, an faɗa masa shekara nawa zai yi kafin a ɗauke shi aiki, an ba wanda ya yarda ya zauna karkara wani ƙari, an kuma sa littafi a hannun ɗalibi. Iyaye ma suna da rawar takawa ta kwamitin kula da makaranta: su tambayi darakta a farkon shekara ko akwai malamin Ingilishi, da kuma ko Ingilishin ya karanta.