Ba Kowane Firofet Ne Annabi Ba

Ya ku jama'ar Zango. Akwai wata ɓarna da ta shigo bakinmu, ya kamata mu tare ta tun ba ta yi jijiya ba. Mutum ya kafa rumfa a Kumasi ko a Nima, ya rubuta firofet a allo, yana sayar da ruwa da mai, sai ka ji 'ya'yanmu suna cewa "annabin nan na bakin tasha". Subhanallahi! In ka tsawata musu, su ce ai fassara ce kawai.

To, bari mu duba fassarar. Annabi daga Larabci mu ka samo shi. Asalinsa nabiyyu, malaman lugga da yawa sun ce daga naba'u ya fito, watau labari mai girma, sunan da sura ta 78 ta ke ɗauke da shi. Kakanninmu su ka haɗiye shi tare da alif da lam, kamar yadda su ka yi wa alƙali da albasa. Da ya ke nunun na cinye lam, sai ya zama Annabi. Yahudawa na cewa navi, Sawahili nabii, Yarbawa Anabi. Mutanen Farisa kuwa paigambar su ke cewa, mai ɗauke da saƙo, Turkawa su ka ara daga gare su.

Firofet fa? Daga Girkanci Turawa su ka same shi, ma'anarsa mai magana da bakin wani. Har masu faɗa wa jama'a saƙon tsafi a Delfi haka a ke kiransu. Yau a Turanci ko mai cinkar abin da zai faru gobe ana iya ce masa haka. Kalma ce mai faɗin baki, ta ɗebi na gari ta ɗebi boka.

Tamu ba haka ta ke ba. Annabi shi ne wanda Allah Ya yi wa wahayi. Annabawa 25 Alƙur'ani ya ambata da sunayensu, aya ta 40 a Suratul Ahzabi kuma ta rufe ƙofar da Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallama.

Ba faɗa mu ke yi da maƙwabtanmu Kirista ba. Asantawa na da odiyifo, su kira nasu yadda su ka so. Mu dai mu tsare bakinmu. Yaron da ya saba jin akwai annabi a bakin tasha, me zai fahimta ran da malami ya ce masa an cika annabci? 'Yar kasuwar da ciniki ya tsaya mata, in ta ji an ce annabi ne, ba za ta kai masa jarinta ba?

In za ku ambace shi, ku ce firofet, ko mai wa'azi. Sunan Annabi ku bar wa masu shi. Allah Ya sa mu dace, amin. Wassalam.