Jirgin da Ba Ya Shan Mai: Wunin Abokai Bisa Gulbin Nilu

Filin wanga mako ya nufi kudancin ƙasar Misira, garin Aswan, wanda ke da tazarar kilomita wajen 900 daga birnin Alƙahira ta hanyar jirgin ƙasa. A can ne ake samun wani irin jirgin ruwa na katako da Larabawa ke kira faluka. Ba shi da inji, ba ya shan isansi. Abin da ke tafiyar da shi babban ƙyalle ne mai kusurwa ukku, wanda ake ɗaure wa doguwar sanda bisa ginshiƙi, iska ta cika shi ta tura jirgin gaba.

Sirrin al'amarin yana ga halittar gulbin kansa. Ruwan Nilu daga kudu yake gangarowa zuwa arewa, iska kuwa mafi yawan shekara daga arewa take busowa zuwa kudu. Ke nan mai son haurawa sai ya buɗe ƙyalle, mai son gangarawa kuma ruwa ya ɗauke shi. Mutanen zamanin Fir'auna sun san haka sarai, har ma a rubutunsu na zane, hoton jirgi mai buɗaɗɗen ƙyalle na nufin tafiya kudu, wanda babu ƙyalle kuma tafiya arewa.

A watannin Yuni da Yuli zafin Aswan kan wuce digiri 40, irin wanda mutanen Tawa da Damagaram suka sani kafin faɗuwar damina. Saboda haka abokai kan jira rana ta karya sa'an nan su sauka bakin gulbi. Farkon aiki shi ne ciniki da shugaban jirgi, wanda ake kira rayyis, domin da awa ake biya, kuma mai hankali yakan gama maganar kuɗi tun ƙafarsa na bisa tudu. Jirgi guda kan ɗauki mutum wajen 10, ban da rayyis da yaronsa. An shimfiɗa katifu da matasai, an ja rumfa ta yadi, kowa ya tuɓe takalmi ya kishingiɗa.

Da jirgi ya rabu da gaɓa, hayaniyar motoci sai ta koma baya, ba a jin komi sai ruwa na lasar katako da ƙarar igiya. Yaron jirgi ya ɗora shayi, ko ya zuba ruwan zoɓo mai sanyi, wanda su ke kira karkade. Rayyis na zaune a baya riƙe da sandar tuƙi, wani lokaci ma da ƙafa yake juya ta, idonsa na bisa fuskar ruwa, don daga yadda ta yamutse yake gane inda iska za ta fito da inda dutse ya ɓuya.

Abin kallo ba kaɗan ba ne. Ga tsibirin Elefantin, inda har yanzu akwai matakalar dutse da mutanen da suke auna cikar gulbi da ita, don a san yawan amfanin gona da harajin shekara. Ga ƙaramin tsibirin da aka bai wa hafsan sojan Ingila Kitchener a shekarun 1890, ya dasa itatuwa daga ƙasashe daban-daban, yau ya zama lambun hukuma. A gaɓar yamma kuma, bisa tudun rairayi, ga hubbaren Aga Khan na ukku, wanda ya rasu a 1957.

Amma daɗin wunin bai kamata ya rufe wa baƙo ido ga tarihin masu tuƙa shi ba. Da yawa daga cikinsu Nubawa ne, ƴan asalin wannan yanki. Babban barajin Aswan, wanda aka fara gininsa a 1960 aka kammala a 1970, ya kawo wutar lantarki, ya kuma tsai da ambaliyar shekara-shekara, amma tabkin da ya taru a bayansa ya haɗiye garuruwansu. An kwashe Nubawan Misira wajen 50.000 zuwa yankin Kom Ombo, nesa da bakin ruwan da suka saba, ƴan uwansu na Wadi Halfa a Sudan su ma aka mai da su wani wuri. Da can faluka ce ke ɗaukar hatsi, duwatsu da tukwane tsakanin garuruwa. Yau manyan motoci da jiragen inji sun karɓe wannan aiki, abincin rayyis ya koma hannun masu yawon buɗe ido. Shi ya sa lokacin juyin juya halin 2011, da kuma annobar korona ta 2020, jirage suka yi ta kwana ɗaure a gaɓa, gidaje da dama suka ji jiki.

Jirgin inji ya fi sauri, babu gardama, kuma ba ya jiran iska. Faluka kuwa in iska ta ɗauke, sai ta tsaya cik a tsakiyar gulbi, ko dai a sa hannu a tuƙa, ko a roƙi mai inji ya ja ta, ko kuwa a yi haƙuri. To, a nan ne ake gane abokan ƙwarai. Wanda ya zo da agogo a zuci sai ya shiga tsaki. Waɗanda suka zo don juna kuwa, hira ce ta samu wuri: a tuna kwanakin lakkwal, a tambayi lafiyar iyaye, a warware ƴar tsamar da ta daɗe ba a samu sukunin taɓa ta ba. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Gab da magariba rairayin yamma ya yi ja, kiran salla ya taso daga masallatan gari, rayyis ya juya akala yana ratsa gulbi daga wagga gaɓa zuwa waccan har ya kai masauka. Duk wanda Allah ya nufa da zuwa Misira, ɗalibin Azhar ne ko ɗan kasuwa, in hali ya yi ya zaɓi jirgin ƙyalle, ya biya rayyis haƙƙinsa ba tare da ƙwange ba, domin kuɗin nan ne ke sa ɗansa ya yarda ya gaji sana'ar.