Wasiƙa ga masu karɓar matan yoyon fitsari a Yamai

Ungozomomi, malaman jinya da iyayen ɗaki, 

Maganata a kan ranar farko ce, ranar da mace za ta iso ƙofarku daga wani ƙauyen Tilaberi, Dosso ko Tawa, da ƙunshin tsummoki a hannu, ta raɓe can ƙarshen benci don kada a ji warinta. Tun da Madam Salamatou Traoré ta kafa ƙungiyar Dimol a 1998 aka gane a Yamai cewa matan nan masauki suke buƙata, na makonni ko watanni. To, wanda zai daɗe a gidanka, ai sai ka san shi.

Don Allah ku ajiye rajista tukuna. Ku ba ta ruwa da sabulu da busasshen zane, ta sha fura, hankalinta ya kwanta. Sannan a zauna da ita cikin harshenta, Zabarmanci ne ko Hausa ko Fulatanci, tafinta kuma ta zama mace. A gaban kawun da ya rako ta ba za ta taɓa faɗa muku cewa bayan gida ma yana fito mata ta gaba ba.

Kwana nawa ta yi tana naƙuda? Yaushe yoyon ya soma? An taɓa yi mata aiki? Amsoshin nan su ne za su raba hanyarta da ta maƙwabciyar gadonta. Wadda ta haihu kwanan nan, Dakta Kees Waaldijk ya nuna a asibitin Babbar Ruga ta Katsina cewa robar fitsari kaɗai, in an bar ta makonni, tana iya rufe ƙaramin rauni ba tare da wuƙa ba. Wadda ta shekara goma, an yi mata aiki sau biyu bai yi ba, a faɗa mata gaskiya cikin tausasawa, kada a yi mata alkawarin da ba a da iko da shi. Mai jan ƙafa tana son motsa jiki kullum, mai ƙarancin jini kuwa a fara da abincinta kafin a kai ta ɗakin tiyata. Da yawansu sun rage shan ruwa don yoyon ya ragu, fitsarin ya yi kauri yana ƙona musu cinya. Umarni ba ya sa su sha, sai an zauna an yi musu bayani.

Ku tambaye ta salla. Na san waɗanda suka bar ta shekaru suna kuka, alhali a mazhabar Malikiyya fitsarin da ke zuba mafi yawan lokaci ba ya karya alwala. Ku kira malama ta faɗa mata da bakinta.

Ranar komawa gida ma tun yau ake shirya ta. Auren yana nan ko an sake ta? Wa zai karɓe ta? Ba kowa ce ɗinki zai fisshe ta ba, wata akuya biyu sun fi mata keke, ku bar ta ta zaɓa. In mijin yana nan, ku kira shi ya ji da kunnensa watannin da za a ɗaga mata ƙafa, da cewa cikin gaba sai awo, haihuwa kuma sai tiyata a likita. Ku rubuta wannan a katinta na asibiti, tare da lambar wayar da za a kira ran da naƙuda ta tashi.