Ruwa a huhu: kada mu jira sai numfashi ya gagara

Zuciya ita ce ke tura jini ko'ina cikin jiki, kamar yadda injin ban ruwa ke tura ruwa cikin garka. In ta yi rauni, jini ba ya wucewa yadda ya kamata. Sai ruwa ya tsatso daga jijiyoyi, ya taru a ƙafafu, a ciki, da kuma huhu. Na huhu ya fi haɗari. Mutum ya kasa kwanciya, sai ya jingina da bango ya kwana zaune, yana tari, yana haki.

Mun san wannan ciwo a gidajenmu. A ƙasar Hausa yana yawan kama masu jego, cikin watannin farko bayan haihuwa. Kunun kanwa yana ƙara wa zuciya nauyi, domin kanwa, kamar gishiri, tana riƙe ruwa a jiki. Sau da yawa akan ce iska ce, a yi ta turare har lokaci ya ƙure.

To, ruwan nan yakan fara taruwa kwanaki kafin haki ya bayyana, kuma ana iya gane shi ba allura, ba tsaga. A Isra'ila an ƙera wata riga da marar lafiya ke sawa, cikin minti 2 ta nuna yawan ruwan huhunsa. Tana da tsada, ba mu ce a jira ta ba. Na'urar ekografi da ake duba cikin mata da ita a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, ita ma tana iya wannan aiki. In an ɗora ta a haƙarƙari, fararen layuka ne ke saukowa a allon hoto. Yawan layuka, yawan ruwa. A ganinmu, ya kamata a koya wa ungozomomin asibiti wannan dubi, tun da su ne masu jego ke fara zuwa wurinsu.

Sai kuma sikeli. Wanda likita ya ce zuciyarsa ta yi rauni, ya hau sikeli kowace safiya bayan fitsari, kafin karin kumallo, ya rubuta nauyinsa. Ko sikelin awon buhun wake ya isa, muddin shi ɗaya ake hawa kullum. In nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ba ƙiba ba ce, ruwa ne. A kai shi likita a ranar, a gyara masa awon maganin sa fitsari, irin su Lasilix. Kada a sayo shi wurin masu talla a kasuwa.