Sharhi: Makomar dajin Belgrad yayin da birnin Istanbul ke faɗaɗa zuwa arewa

A duk ƙarshen mako, dubban mazauna Istanbul, birni mafi girma a Turkiyya, kan kwarara zuwa dajin Belgrad da ke arewacin ɓangaren Turai na birnin. Wasu gudun motsa jiki ke kai su hanyar Neset Suyu mai tsawon kimanin kilomita 6, wasu kuma gashin nama da iyali a inuwar bishiyoyi. Faɗin dajin ya haura hekta 5,000, abin da ba ƙaramar ni'ima ba ce ga birni mai mutum sama da miliyan 15.

Sai dai ba don shaƙatawa aka kare shi tun asali ba. Ruwan sha ne dalili.

Sunan dajin ya samo tushe ne daga mutanen da Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ya kwaso daga birnin Belgrade bayan ya ci shi da yaƙi a 1521, ya zaunar da su a yankin. Bayan shekara talatin da ɗoriya, daga 1554, shahararren maginin nan Mimar Sinan ya shimfiɗa tsarin Kirkcesme, wato "maɓuɓɓuga arba'in", wanda ke tattara ruwan ƙoramun dajin ya gangaro da shi cikin gari ta kan dogayen gadojin dutse, ba tare da injin ko ɗaya ba. Gadar Maglova, mai tsayin kusan mita 36, tana nan tsaye har gobe. Sarakunan baya sun ƙara madatsun ruwa: Topuzlu a 1750, Valide a 1796, sai ta Mahmud na Biyu a 1839. A da, waɗannan uku su ne ke shayar da unguwar Taksim, wadda sunanta ma ke nufin rabo, domin a can ake kasafta ruwan zuwa unguwanni. A gefen wannan dandali ne zanga-zangar 2013 ta ɓarke kan yunƙurin sare bishiyoyin lambun Gezi.

Muddin fada na shan ruwan dajin, taɓa bishiyarsa laifi ne da hukuma ba ta sassauci a kai. Yau lissafin ya sauya. Istanbul ya dogara ne ga manyan tafkuna irin su Terkos da Omerli, da kuma kogin Melen da ake jawo ruwansa daga can gabas mai nisa. Tsoffin madatsun sun koma wurin ɗaukar hoto, kariyar dajin kuwa ta koma kan takarda, takarda kuma gwamnati na iya sake rubuta ta.

Alamun haka sun bayyana cikin shekarun baya-bayan nan. An buɗe gada ta uku a kan mashigin Bosforus, mai suna Yavuz Sultan Selim, a 2016, tare da babbar hanyar da ta keta dazuzzukan arewa. Sabon filin jirgin sama ya biyo baya a 2018. Gwamnati na da hujjarta, domin cunkoson birnin gaskiya ne da ba mai musu. Amma inda kwalta ta ratsa, 'yan kasuwar filaye kan bi sawu, kuma garuruwan da ke bakin dajin, kamar Gokturk da Zekeriyakoy, tuni suka cika da gidajen masu hannu da shuni. Ba a rana ɗaya ake cinye daji irin wannan ba; gutsurarsa ake yi daga gefe, har namun cikinsa su rasa hanyar ƙetarawa.

Masu zuwa shan iska ma ba su fita daga zargi ba. Kowace sabuwar rumfar abinci na buƙatar wurin ajiye motoci, kowane murhun gashi kuma barazanar gobara ne a tsakiyar bazara. Ga shi siyasa ta shigo: hukumar birnin, wadda ke hannun jam'iyyar adawa ta CHP tun 2019, da ma'aikatar noma da gandun daji ta gwamnatin tsakiya sun yi ta ja-in-ja kan wanda zai riƙa gudanar da wuraren shaƙatawar. Taƙaddamar ta fi karkata ga wanda zai riƙe ƙofar shiga, ba ga yawan jama'ar da dajin zai iya ɗauka ba.

Batun ruwan da ake ganin ya wuce kuwa bai wuce ba. A watan Janairun 2021, ruwan da ke tafkunan Istanbul ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, kuma da dama daga cikin tafkunan ɓangaren Turai suna samun ruwansu ne daga wannan yanki na arewa da gine-gine ke dosa, inda kuma ake shirin haƙa sabuwar mashigar jiragen ruwa ta Kanal Istanbul.