Neman Aiki Ba Bara Ba Ne

Makon jiya 'yar ƙanwata ta dawo daga intabiyu a wani kamfani a nan Kano, ta zauna a tsakar gida ko mayafi ba ta cire ba. An ce su zo ƙarfe tara, ba a kira ta ba sai bayan azahar. Ta shiga da sallama, mutumin da ke kujerar tsakiya bai ɗago kai daga wayarsa ba. Can ya jawo takardunta da yatsa biyu ya ce, "Wannan makarantar ma har digiri take bayarwa?" Kafin ta buɗe baki ya ɗora: "Kina da aure? In mun ɗauke ki, wata shida ki zo mana da ciki fa?" Ɗaya daga cikin na gefensa ya yi dariya.

"Kawu, wallahi duk abin da na shirya guduwa ya yi daga kaina," in ji ta.

Na san abin da yawancinmu za mu ce mata: ki yi haƙuri, mai nema ba ya fushi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ita ce ta ɗaure wa irin waɗannan mutane gindi. Sun san layin da ke waje. Wa zai manta ranar 15 ga Maris, 2014, da matasa suka cika filayen wasa don jarrabawar shiga Hukumar Shige da Fice? Dubban ɗaruruwa suka nema, kowa ya biya naira 1,000, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba. Turmutsitsi a Abuja da Fatakwal da Minna ya ci rayuka. A ƙasar da ake mutuwa a layin neman aiki, wanda ke bayan tebur sai ya ɗauka sadaka yake rabawa. Alhali ciniki ne: shi yana neman mai iyawa, kai kana sayar da iyawarka.

Sai dai a bambance matsi da cin mutunci. Wanda ya katse ka, ya maimaita tambaya sau uku, ya ce bai gamsu ba, wataƙila gwada ka yake, musamman in aikin na kantar banki ne ko na karɓar koke, inda kullum za ka sha faɗan jama'a. Wannan amsa yake so, a ba shi. Amma wanda ya taɓa garinku, ko addininka, ko auren mace da cikinta, ya fita daga gwaji. Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a kiyaye mutuncinsa, sashe na 42 kuma ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi ko addini. Ba na cewa ka karanto masa doka a fuska. Ka dai riƙe a ranka cewa shi ne ya kauce, ba kai ba, wannan kaɗai kan hana murya rawa.

Abin da na gaya mata shi ne, kusan kowace baƙar magana a intabiyu akwai tambaya ƙunshe a cikinta. Ki zare tambayar ki amsa, ki bar masa ƙayar. "Yallaɓai, tana bayarwa, ga abin da na koya a can, ga kuma aikin da na riƙe lokacin bautar ƙasa." Batun aure kuwa: "Ranka ya daɗe, in tambayar ita ce ko zan riƙe aikin, zan riƙe." Kada ki taya su dariya don neman shiga, kada kuma ki ɗaga murya. Ki riƙa duban sauran 'yan kwamitin, don sau da yawa wanda ya yi shiru shi ma abin bai yi masa daɗi ba, kuma yana da maki a hannunsa. In aka sake, aka kuma sakewa, babu laifi ki ce, "Yallaɓai, kan aiki na zo a tambaye ni. In babu sauran tambaya, ina neman izinin tafiya." Ki tattara takardunki a nutse.

Faɗar wannan tana da sauƙi ga mai albashi. Wanda kuɗin haya ke bin sa, uwa tana kwance, in ya haɗiye ya karɓi aikin ba zan ga laifinsa ba ko kaɗan. Ya dai shiga da ido buɗe, don Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Mutumin da ya kasa kyautata maka na minti ashirin kana baƙonsa, yaya zai yi ranar da albashinka ya koma hannunsa?

Ku kuma masu zama bayan tebur, yaran nan sun ranto kuɗin mota, sun goge kaya tun dare, wasu ko karyawa ba su yi ba. Amsa sallama da nuna kujera ba sa rage muku komai, ko da ba za ku ɗauke su ba.

Ranar Litinin suka kira ta zagaye na biyu. Ta ce za ta je, kuma da an ba ta damar tambaya, za ta fara da neman sanin a ƙarƙashin wa za ta yi aiki.