Filin Kiwon Lafiya: Gwiwar da Aka Sauya Ba Ta Son Kwanciya

Aikin sauya gwiwa, wato a kankare kawunan ƙasusuwan da amosani ya cinye a maye gurbinsu da ƙarfe da roba, ya kankama ne tun 1974, lokacin da Dokta John Insall da abokan aikinsa a birnin New York na Amurka suka fito da samfurin da akasarin gwiwoyin yau suka gada. Yanzu ana yinsa a Nijeriya, alal misali a asibitocin ƙashi na Dala da Igbobi, wasu kuma su tafi Indiya ko Masar. Sai dai akwai waɗanda ake yi wa aikin lafiya lau, ciwo ya tafi, amma bayan 'yan watanni gwiwa ta ƙage, ba ta lanƙwasuwa yadda ya kamata, ba ta kuma miƙewa sarai.

Dalili shi ne, jiki ba ya warkar da rauni sai da tabo. Wanda ake gani a fata kaɗan ne daga ciki. A can cikin gaɓa ma wani farin nama mai yauƙi yana tsirowa, da fari laushi gare shi kamar danƙo, daga baya ya yi tauri ya ɗaure ƙoƙon gwiwa da tsokar cinya wuri guda. Gaɓar da ke motsi kullum takan ja wannan nama ya miƙe, wadda aka bari kwance kuwa sai ya kama ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Likitoci da digiri suke auna lanƙwasar gwiwa. Miƙaƙƙiyar ƙafa sifiri ce, mai zaune a kujera kuwa yana kan digiri 90. Tafiya a sarari tana bukatar wajen 65, hawan matakala da saukowa kusan 90, tashi daga gajeriyar kujera ya ɗara 100. Sabuwar gwiwar da ta yi kyau takan kai 110 zuwa 120. To, zaman tahiya da tsugunno suna neman wajen 150, abin da mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin ba sa kaiwa. Saboda haka wanda ya ga yana salla a kujera, ko an sake masa makewayi na zama, kada ya ɗauka aikinsa ya ɓaci. Ƙagewar da ake tsoro ita ce a yi makonni shida gwiwa ba ta kai 90 ba, ko kuwa ta ƙi miƙewa, mutum ya riƙa ɗingishi.

Abin takaici, sau da yawa tausayi ne ke jawo ta. Al'adar jinya ita ce majinyaci ya kwanta, 'yan dubiya su yi ta sannu, in ya yunƙura a ce a'a, Baba, ka huta. Sai kuma a cusa masa matashi ƙarƙashin gwiwa don ya ji daɗi, alhali kuwa wannan ne ke sa ta daskare a lanƙwashe. Ƙarƙashin diddige ake sa matashin, nauyin ƙafa ya miƙar da ita. A asibiti ana tayar da mutum ya taka tun ranar aikin ko kashegari, kuma darasin da ma'aikacin gashin ƙashi ya koyar, irin su jan diddige zuwa ɗuwawu da danna bayan gwiwa a kan gado, sau da yawa ake yinsa a yini, ba ranar zuwa asibiti kaɗai ba. Da zafi, babu shakka. Shi ya sa ake shan maganin ciwo kafin a fara, a ɗora ƙanƙara cikin tawul na minti 15 zuwa 20 bayan an gama. Mai jure ciwo don nuna jarumtaka ya ƙi shan magani, ƙarshenta shi ne zai kasa motsa ƙafar.

Akwai wata na'ura mai lanƙwasa ƙafa da kanta, wadda Dokta Robert Salter na Kanada ya ƙago. An yi yayinta ƙwarai, amma nazarin da aka tattara a 2014 ya nuna amfaninta bai taka kara ya karya ba. Wanda bai samu ba bai yi hasara ba.

Ba kullum ne laifin na majinyaci ba. Gwiwar da ta daɗe a ƙage kafin aiki ta fi saurin komawa gidan jiya, haka nan ta mai ciwon sukari. Wani lokaci kuma ƙarfen ne bai zauna daidai ba, ko ƙwayoyin cuta sun shiga. Don haka likita yakan fara da hoton ƙashi da gwajin jini. Zazzaɓi, ko ja da zafi a wurin, ko ruwa mai fita daga ɗinki, ko kumburin sha-raɓa, duk na komawa asibiti ne nan take.

In an tabbata tabo ne kawai, kuma gashi ya gaza, sai a sa majinyaci barci, likita ya lanƙwasa gwiwar a hankali har zaren tabon ya tsinke. Wannan ya fi cin nasara cikin makonni 12 na farko. Bayan haka tabon ya riƙa, tilasta shi na iya karya ƙashi ko tsinke jijiyar ƙoƙon gwiwa, sai dai a zura ƙaramin madubi ta 'yan kafofi a yanke shi, ko a sake buɗewa, ko ma a canja ƙarfen ɗungum, wanda kuɗinsa da wahalarsa sun fi na farko, sakamakonsa kuma bai cika kai na farkon ba. A nan ne masu zuwa ƙasashen waje suke shiga uku: a dawo gida da murna, babu wanda ke auna gwiwar, kafin a farga watanni uku sun shuɗe. Ya kamata tun kafin tafiya a shirya wanda zai karɓi mutum a gida, a kuma dawo da takardar bayanin aikin.

Kada a kai irin wannan gwiwa wurin maɗori ya murɗa ta da ƙarfi, kada kuma wanzami ya yi mata tsaga ko ƙaho, domin ƙwayar cuta in ta kai ga ƙarfe magani ba ya fid da ita cikin sauƙi, sau da yawa sai an cire ƙarfen. Tabon fata kuwa, bayan an cire zare da wajen mako biyu kuma ya rufe sarai, ana iya murza shi da yatsa da ɗan man kaɗanya don kada ya manne da abin da ke ƙarƙashinsa. Wanda ya san jikinsa na yin tabo mai tudu, ko da daga hujin kunne ne, ya faɗa wa likita tun kafin a sa ranar aiki.